Jirgin da Aka Yi wa Ɗura

A wani zamani, a wani gari, an yi wata yarinya mai ɗan jirgin sama na wasa, wanda kawunta ya ƙera mata. Injinsa bai fi ƙwan kaza girma ba, amma da mai yake tashi.

Wata rana ta tara ƙawayenta a ƙofar gida su ga tashinsa, sai injin ya ƙi. Ta ƙara mai, ta kaɗa farfela, shiru. Ta sake ƙara mai, ta kaɗa farfela, shiru. Ƙawaye suka fara zamewa.

Kakarta tana gefe tana ba jinjiri kunu. Ta ce, "Ke 'yar nan, ɗura kike masa? Wanda aka cika wa baki ai ko kuka ba ya iyawa."

Yarinyar ta turo baki, amma ta kifa jirgin, mai ya tsiyaye. Ta kwance fulogi, ɗan abin da ke kunna man injin, ta hure shi, ta haɗa shi da batir har ya yi ja kamar garwashi. Ta mayar, ta ɗiga mai kaɗan, ta kaɗa farfela.

Injin ya yi tari, ya ɗauka. Jirgi ya wuce saman rimi, ƙawaye suka dawo da gudu.

Kaka kuwa ta riƙe cokalinta, tana jiran jinjiri ya haɗiye.