Wanda Ya Jira a Benci

Ya kawo mahaifinsa makaho kasuwa sayen takalmi, ya zaunar da shi a bencin wani shago. "Baba, yanzu zan dawo," ya ce, ya faɗa gidan kallon ƙwallo. Bai tuna da tsohon ba sai da aka tashi wasa.

Ya fito a guje. An rufe shaguna, ba kowa sai ledojin da iska ke ja. Ga tsohon zaune inda ya bar shi.

"Baba, ka yafe mini."

Tsohon ya miƙo hannu, ya kama shi, sanyi ƙalau kamar an tsamo shi daga randa. Suna tafiya ya lura tsohon na tsallake kwata tun kafin a gaya masa, kuma ba a jin ƙwanƙwasar sandarsa.

Waya ta yi ƙara. Yayarsa ce.

"Kai wane irin ɗa ne? Mai takalma ya kawo Baba gida tun magariba. Ga shi nan ya ƙi cin abinci, wai sai ka dawo."

Yatsun suka matse masa wuyan hannu.

"Ni kam," in ji muryar da ba ta Baba ba, "ba za ka bar ni ba."