Yarinya Mai Shuɗin Gashi

Ranar kasuwar Bafarawa Amiru ya fara ganinta. Yana zaune a rumfarsa ta cajin waya, hankalinsa na kan wani wasan Japanawa, irin wanda ake tara jarumai masu dara-daran idanu su ratsa tsaunuka suna yaƙar dodanni. Kwana uku ke nan wani dodon kogo yana karkashe masa mutane.

"Bar saran shi da takobi," in ji wata murya a bayansa. "Wuta shika tsoro."

Ya waiwayo, sai ga budurwa da ƙwaryar nono a ka. Ruƙayyatu ce, 'yar Malam Usmanu makiyayi. Tun bara ta gama wasan a wayar yayanta. Da ta karɓi wayarta da ta kawo caji, Amiru ya roƙi lamba, ta ba shi.

Da la'asar ya tura mata saƙo: "Gimbiyata, dodo ya mutu. Gobe za ni rugarku in yi godiya."

Ta amsa: "Allah shi kawo ka, Jarumi. Amma ka taho da ruwan shanka, rijiyarmu ta ƙafe."

Shekara ta biyu ke nan damina na yankewa. Geron Amiru ya bushe bai fid da kai ba, shanun Malam Usmanu kuwa har ana ɗaga su da hannu. Da magabatan Amiru suka je nema masa auren Ruƙayyatu, dattijon ya ce ba ya ba da 'yarsa ga mai yini kallon zanen aljanu, kuma jibi ma zai kora shanunsa kudu da iyalinsa duka.

Kalilu, ɗan ƙanen dattijon, mai son Ruƙayyatu, ya ƙara da cewa Amiru na da wata baƙuwa mai shuɗin gashi a waya, da ita yake hira kullum. Daga ranar Ruƙayyatu ta daina amsa saƙo.

Amiru bai yi barcin kirki ba. Washegari ya yanke karan gonarsa kaf, ya loda a amalanke, ya sauke gaban shanun. Malam Usmanu ya daɗe yana kallon su suna ci.

"Yaro, miƙo wayar nan in gani."

Amiru ya buɗe. Ga yarinyar, zane ce, riƙe da sanda, ita ke warkar da jaruman in sun ji rauni. A ƙarƙashinta ya rubuta mata suna: Ruƙayyatu.

"Wagga ita ce baƙuwar?"

"Ita ce, Baba. Ban da wata."

Daga bayan bukka aka ji Ruƙayyatu ta saki dariyar da ta ƙi ɓoyuwa.

Karan ya riƙe shanun mako uku, sannan dattijon ya tafi kudu. Kafin ya tashi aka ɗaura aure a garin Isa, da dabino da goro kaɗan. Ya kama hannun Amiru ya ce, "Na bar maka ita amana. Allah shi ba ku zaman lafiya, shi ba mu ruwa."

Duk wurin aka ce amin.