Wayar Litinin Daga Eket

"Ni ba a yi mini ƙwace," in ji Elda Etukudo, yana matse farar rigarsa a bakin bokiti. "Je ka Eket ka tambaya. Yarinyar da na bari a gida, ko gwamna ne ya zo da jerin motoci, ruwa kawai za ta ba shi ya sha ya kama gabansa."

"Wancan makon minista ka ce," in ji abokin aikinsa Elda Mukendi, wani dogon ɗan Kongo marar yawan magana, yana goge takalmi.

"To masoyan nata ƙaruwa suke yi, laifina ne?"

Mukendi ya gaji da wannan huɗuba, amma ba shi da wurin gudu. Dokar samarin da cocin Mormon ke turawa bishara, waɗanda ake kira Elda, ke nan: inda ɗaya yake nan ɗayan yake, yana ganinsa yana jinsa, in ba banɗaki ba. Ga shi Litinin ce, ranar wanki da cefane da kiran gida, ranar da bakin Etukudo ba ya rufuwa a ɗan ɗakinsu na Sekondi, a ƙasar Gana.

Gaskiyar da ke cikin zancen ita ce akwai yarinya, sunanta Idorenyin, kuma Nsikak Etukudo yana sonta tun suna 'yan waƙar coci. Ubanta ne ya kafa sharaɗi: 'yarsa sai wanda ya je ya yi shekara biyunsa na bishara ya dawo. Shi Nsikak gyaran janareta yake koyo, bai taɓa sha'awar yawo a rana da jakar littattafai ba. Amma jin haka, ya aske sumarsa ya nemi a tura shi. Ranar tafiya mahaifiyarsa ta rungume Idorenyin a tasha ta ce, "Je ka abinka, ɗana. Wannan tawa ce, ko ƙuda ba zai sauka a kanta ba." Yayansa Aniekan, wanda ya riga ya yi nasa aikin a Saliyo ya dawo, shi ya ɗaukar masa akwati, ya kuma ce zai riƙa kai ta coci a babur saboda samarin gari.

Kwanan nan saƙonninta sun fara gajarta. Nsikak ya ce kunya ce, 'yar mutunci haka take.

Da la'asar suka zauna a barandar coci inda sabis ya fi ƙarfi, ya kira gida. Fuskar mahaifiyarsa ta cika wayar, ta sha ɗaurin kai.

"Mma, me ake yi a gidan? Na hango kujerun haya."

"Baƙi muka yi. Kai, ka rame. Ba sa ba ka abinci ne a Ganar? Tsaya, ga wadda za ku gaisa."

Wayar ta juya, sai ga Idorenyin. Nsikak ya saci kallon Mukendi, ya yi maza ya kawar da ido daga wayar, don shi mutum ne mai bin doka in ana kallonsa.

"Mma, kin sani fa. Magana ta waya sai da 'yan gida. Ita sai dai saƙo."

"Ni za ka koya wa doka? Gaisa da ita. Yanzu 'yar gida ce."

A sannan ya duba da kyau. Zanen jikinta iri ɗaya ne da na Mma. Akwai hannu a kafaɗarta, kuma ya san agogon da ke ɗaure a hannun: na Aniekan ne.

"Sannu, Elda," in ji Idorenyin, idonta a ƙasa. Ba ta taɓa kiransa Elda ba.

"Idy, me nake gani haka?"

"Baba ya ce wanda ya je ya dawo. Kai ka je, amma ba ka dawo ba tukuna."

Mma ta karɓe zancen. "Wani ɗan kasuwa ne daga Fatakwal ya matsa, ubanta har ya fara sauraronsa. Mu zuba ido a ɗauke ta? Kuma a ina aka taɓa yi ƙane ya riga wansa aure? Ba mu faɗa maka ba ne don kada hankalinka ya bar aikin Ubangiji."

Aniekan ya leƙo da fuskar tausayi. "Ƙanena, in ka dawo za ka gane."

"Yaya, coci ka ce za ka riƙa kai ta."

"To ai cocin na kai ta."

Wani a bayansu ya yi dariya, Mma ta tsawatar. Shi kuwa Nsikak murmushi yake ta yi har kumatunsa suka gaji, don Mukendi na zaune dab da shi. Sa'arsa ɗaya, da yarensu na Ibibio aka yi maganar.

"Lafiya dai?" Mukendi ya tambaya bayan an kashe wayar.

"Lafiya lau. An kai kayan gaisuwa a madadina. Ina sauka sai biki."

Kafin Lahadi labari ya zaga coci. Sista Quansah, telar da ke ciyar da su fufu da miyar gyaɗa duk ranar Alhamis, ta ciro yadi ta ce ita za ta ɗinka rigar amarya, ya gwada mata tsawonta. Ya ɗaga hannu daidai kafaɗarsa. Gari na wayewa kuma su saɓa jaka su bi unguwar masunta gida-gida, yana koya wa mutane cewa iyali abu ne na har abada, maganar tana yi masa ɗaci a baki.

Wata safiya ya fara cusa riguna a akwati.

"Shirin bikin ya fi ƙarfinsu, sai ina nan. Zan kira shugaban mishan ya sallame ni."

"To," in ji Mukendi. "Amma yau muna da alkawari da Egya Atta. Mu je ka faɗa masa da bakinka."

Egya Atta masunci ne, ya tsufa tare da Maame Ekua ba tare da an ɗaura musu aure ba, kuma ba baftisma sai an ɗaura. Watanni Etukudo ya yi yana lallashinsa. Suka same shi a bakin teku yana ɗinkin koma.

"Elda, ka ja mini," in ji tsohon. "Jiya na je gidan surukaina, da furfurata, na durƙusa ina neman matar da ta haifa mini 'ya'ya har da jikoki. Yara suna leƙe ta taga suna dariya."

"Sun ba ka?"

"Sun ce za su yi bincike a kan halina." Ya tuntsire da dariya. "Ɗaurin auren dai ran Asabar ne. Kai za ka tsaya kusa da ni, tunda kai ka tono wannan abin."

Maame Ekua tana juya kifi a wuta, tana share ido da gefen zane, wai hayaƙi ne. Nsikak ya dubi matar, ya ce wa tsohon zai zo. Da suka koma ɗaki ya zazzage akwatin.

Haka ya ƙarasa shekara biyunsa. Ya koma Eket, ya gaida Mma, ya ci tuwon matar yayansa ya ce ya yi daɗi, amma zama ya gagara. Ya dawo Sekondi ya buɗe shagon janareta, bayan wani lokaci Sista Quansah ta ba shi 'yarta Ewurabena, wadda duk unguwar aka shaida ba ta yi masa rowar so ba, ba ta kuma yi masa rowar gaskiya. Samari, ku riƙe wannan: aikin alherin da ka fara don mutum, in mutumin ya juya maka baya, daure ka ƙarasa shi don Allah, sakamakon yana nan yana jiranka.

Yanzu gidansa ne sababbin Eldoji ke zuwa cin fufu. Ran nan yana kishingiɗe yana ba wasu biyu labari.

"Ni da kaina na bar wa yayana ita. Na ce Yaya, ɗauka, kai ne babba. Ko ƙwalla ban yi ba. Namiji ke nan."

Ewurabena ta dire tukunyar miya a gabansa.

"Baban Ekow, ka ji tsoron Allah. Tun a makon Elda Mukendi ya faɗa wa Mama. Ya ce safe da rana da yamma kana banɗaki wai wanka kake yi, ruwan jarka kuwa bai taɓa raguwa ba. Zuba wa yaran miya kafin ta huce."