Dutsen da Ya Cinye Takalman Inna

Ranar da Sadiƙ ya shigo yana kaɗa makulli a ɗan yatsa, Nuf na tsugune gaban kakarta suna tsinke ganyen mulukiyya, wato lalo, a ɗan falon nan na unguwar Ammariyya a Jidda, inda suka koma tun da aka rushe unguwarsu ta Karantina. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya saki albishir: an ba shi gida a wurin aiki, ɗaki biyu da kicin, an ce ya kawo iyalinsa.

Nuf ta miƙe zumbur har tiren ganye ya kife. Kada ku ga laifinta, 'ya'yana. Tun da aka ɗaura musu aure ba ta ganin mijin nan sai ƙarshen wata, kamar albashi. Aikinsa can ne ta hanyar Madina, a wani gandun namun daji da ke cikin harra, wato ƙasar baƙin dutsen da wuta ta taɓa amayowa daga cikin ƙasa. Akwai masaukin baƙi a wurin, shi ke tuƙa su a buɗaɗɗiyar mota su kalli dabbobi.

Hajja Khairiyya kuwa, kakar tata wadda ta raini Nuf tun rasuwar uwarta, ko ɗagowa ba ta yi ba. Sai da ta tsince ganyen da ya zube tsaf.

"Daji," ta ce. "Innata ta baro daji da ƙafa, tun daga Haɗeja, shekara da shekaru tana tafe, don jikokinta su yi maƙwabtaka da Harami. Kai kuma za ka mayar mini da yarinya daji a mota. Ba da yawuna ba."

Duk dangi sun san wasiyyar Inna, cewa kada jininta ya yi nisa da Harami. Da ita aka hana wani zuwa Riyad, da ita aka dawo da wata daga Dammam. Sadiƙ ya durƙusa ya yi bayani, ya ce in wata ya ƙare gidan yana rufe, wani za a ba. Hajja ta ce a ba shi, Allah ya sa alheri.

A ɗaki aka yi ta ta ƙare. Nuf ta yi kuka har idonta ya kumbura. Tana son mijinta kamar ranta, amma ta rantse ba za ta tsallake ƙofar nan ba sai da albarkar Sitti, kamar yadda take kiran kakar tata. Sadiƙ ya fusata ya tambaye ta ko shi ta aura ko Sitti. Ta ce shi ta aura, amma a bayan Sitti ta koyi numfashi. Ya fice. Nuf ta ɗauka shi ke nan, sai ga shi ya dawo da ful, wato dafaffen wake, da burodin tamis mai zafi, ya ajiye wa tsohuwar nata a gaba kafin kowa. Yaron na da zuciya, amma yana da tarbiyya.

Da suka ci, ya ce ma'aikata na da damar kawo iyali su yi kwana biyu a masaukin, yana roƙon Hajja ta je ta gani da idonta. In ta gani ta ce a'a, zai mayar da makulli da hannunsa.

"Zan je," in ji ta, "in kuma dawo da ku duka biyu."

Shirin da ta yi sai ka ce mai tafiya yaƙi. Ta ɗauki fulas, turaren wuta, kwalbar yaji, har da taɓarya, wai saboda kura.

Nuf ba ta taɓa fita Jidda ta wannan gefen ba. Tun da suka bar kwalta take manne da gilashi. Ƙasa ta koma baƙa ƙirin, duwatsu curi-curi har iyakar gani, kamar an zazzage gawayin duniya a wuri ɗaya. Masaukin yana gefen wani ƙaton rami mai kama da tukunya, bakin da wutar ta fito ke nan a zamanin da. Tantuna ne farare a jere, amma da suka shiga nasu sai ga gado mai laushi, ga banɗaki, ga sanyin na'ura. Nuf ta faɗa kan gadon tana dariya kamar yarinya. Hajja ta taɓa bangon da yatsa ta ce su sun yi ta addu'a Allah ya fid da su daga tanti, ga masu hali nan suna rububin shigarsa.

Da la'asar Sadiƙ ya fito da motar, sanye da kayan aiki, hula a kai. Nuf ta kalle shi ta kasa ɗauke ido, ta ji kamar yau aka kawo ta gidansa. Ya ɗora Hajja a kujerar gaba, taɓarya a cinya. Ba su yi nisa ba garken barewa ya keto gabansu yana tsalle.

"Shufi, ya Sitti, duba!" Nuf ta kama kafaɗarta tana jijjigawa.

Can gaba suka ga mariri, fari fat, ƙahoninsa miƙe kamar masu. Sai wata jimina ta biyo motar da gudu, ta leƙo da dogon wuyanta daidai fuskar Hajja. Tsohuwa ta ɗaga taɓarya tana salati, tana tambaya wace kaza ce wannan aka yi wa baki. Da suka tsaya shan shayi a bakin ramin, wani gwaggon biri ya fizge kwalbar yajin, ya buɗe, ya cusa hanci, ya dinga atishawa yana birgima. Hajja ta yi dariya har ta riƙe ciki, hawaye na zuba, dariyar da Nuf ba ta ji ba tun ranar da katafila ta shiga unguwarsu. Nuf ta dubi Sadiƙ ta madubi, shi ma ya dube ta. Sun ɗauka an gama.

Ina. Suna komawa tanti Hajja ta goge ido ta ce wurin kallo ne, ba wurin zama ba, gobe Nuf ta haɗa kayanta. Nuf ta haɗiye kukanta, ta shafa wa kakarta man zafi a gwiwa kamar kullum.

Da safe Sadiƙ ya ce bari ya zaga da su sau ɗaya kafin su kama hanya. Fuskarsa ba walwala, makullin na aljihun gaba. Ya bi ta wani gefe, ya tsaya inda yakan tsaya wa baƙi su ɗauki hoto. Wata siririyar hanya ce ta ratsa cikin duwatsun, an kawar da manyan gefe da gefe, ta miƙe arewa har ta ɓace. Ya ce, don dai a ce ya yi magana, wai tsohuwar hanyar ƙafa ce, ta nan ayari kan bi zuwa Madina kafin motoci.

Hajja ta ce a sauke ta.

Ta taka zuwa bakin hanyar, ta tsaya. Sai Nuf ta ga ta sunkuya tana cire takalmi. Ta ruga za ta hana ta, tsohuwar ta ture hannunta, ta ɗora tafin ƙafarta a kan dutsen, ta yi taku ɗaya, biyu, ta cije leɓe. Ta zauna a nan ƙasa.

Nuf ta tsuguna kusa da ita. Hajja ta ce tafin ƙafar Inna duk tabo ne, kamar an yi masa zane da wuƙa. Tana yarinya takan tambaya, Inna ta ce ai baƙin dutsen hanyar Madina ne. Bayan sun yi hajji, Baba, mijin Inna, ya ce sai sun je ziyara, ba su da kuɗin raƙumi, suka bi ayari a ƙasa. Dutsen ya cinye takalmanta, ta yage zaninta ta ɗaure ƙafafu, ga goyo a baya. Goyon nan ita ce, Khairiyya. Ta ce ita duk tsawon rayuwarta ta ɗauka ƙarin gishirin tsofaffi ne, ina za a sami ƙasar da dutse ke cin takalmi?

Sadiƙ ya ce a hankali ba shi da tabbacin ta nan suka bi, don hanyoyin na da yawa.

"Ko nan ne ko ba nan ba, dutsen ɗaya ne," in ji ta. Ta juya kudu, ta juya arewa. "Makka na nan, Madina na can. Ashe tsakiyarsu ka kawo ta, ni ina ta cewa daji." Ta kalli Nuf. "Inna ta bi mijinta ta kan wannan ba takalmi. Ke za ki bi naki a mota mai sanyi, ni kuma na riƙe miki zani. Kai, tsufa bai yi ba."

Ta ɗauki wani ɗan dutse za ta ƙulle a bakin mayafi. Sadiƙ ya sosa ƙeya, ya rasa yadda zai yi, sannan ya daure ya ce dokar gandun ta hana a fita da ko tsakuwa, shi kuma an ba shi amana. Nuf ta runtse ido, ta ce yau ya ɓata komai da bakinsa.

Hajja ta dube shi sama da ƙasa, ta mayar da dutsen daidai inda ta ɗauke shi.

"Ba a ɗauka. To ana bari?"

"Ana bari, Hajja."

"Halas, shi ke nan. Na bar maka ita. Yadda ka tsare dutsen mutane, haka za ka tsare mini ita. Allah ya yi muku albarka."

Nuf ta faɗa jikinta tana kuka tana dariya, Sadiƙ ya durƙusa yana saka wa Hajja takalmi. Hajja ta ce ya yi sauri, yalla, kafin kazar nan ta dawo. Sharaɗi biyu ta kafa: ɗaki na biyun nata ne duk lokacin da ta ga dama, kuma taɓaryar a nan za ta zauna.

To, kun ji. Da Nuf ta tsallake ƙofa cikin fushi, da ta sami gida ta rasa albarka. Da Sadiƙ ya mayar da baki, da ya sami mata ya rasa uwa. Suka yi haƙuri, suka bar tsohuwa ta taka da ƙafarta. Mu ma tsofaffin mu ji namu: iyaye sun bar mana wasiyya ne don 'ya'ya su zauna cikin alheri, ba don mu ɗaure su da ita a ƙafar gado ba.