Matattun Gilasan Malam Yunusa

Ranar da Haula ta fara ganin Abdulrauf, ana irin zafin nan na Nguru wanda ko ƙadangare ba ya tsallaka titi. Tana zaune a shagon mahaifinta, Malam Yunusa Mai-Talabijin, tana fifita da kwali, sai ga wani dogon saurayi ya yi sallama, gumi ya jiƙe masa riga sharkaf.

"Don Allah kuna sayar da matattun gilasan talabijin na filasma? Waɗanda zafi ya ƙona."

Haula ta saki baki. "Matattu? Miya za ka yi da su?"

Ya yi dariya, ita kuwa ta rasa dalilin da ya sa kwalin ya tsaya a hannunta.

Ya ce daga Gashuwa yake, gyara yake yi. Kowa ya san filasmar da aka kafa a gidan kallon ƙwallo mai rufin kwano, zafi kan yi wa gilashinta baƙin tabo har ta mutu. To shi ya samo magani. Ya manna leda mai kore zafi a gaba, ya bar sarari a baya, sannan ya jera siraran hanyoyin iska a karkace, kamar yadda mahaifiyarsa ke karkata kara in tana bandar kifi don hayaƙi ya ja kansa.

Bai rufe baki ba Malam Yunusa ya leƙo daga ciki, fuska a murtuke.

"Yaro, shekara talatin ina wannan sana'a. Tatsuniya kake yi. Kama gabanka."

Ya kama gabansa, amma sai da ya kwafi lambar da ke jikin allon shago. Wayar shagon kuwa a hannun Haula take.

Washegari saƙo ya shigo: "Mai miya, ban samu gilashi ba, amma na ga abin da ya fi shi haske."

Ta rubuta: "Ɗan Gashuwa, ashe ban da kifi har daɗin baki kuke bandawa?"

Shi ke nan fa, magana ta ƙullu. Kafin damina ta kare, Haula ta san sunan kowace ƙusa a shagonsa, shi kuma ya san ba ta cin albasa. Wata ƙungiya mai tallafa wa masu ƙirƙira ta ga aikinsa, ta haɗa shi da lauya, Barista Rahima, aka tura takardunsa wani ofishi a ƙasar waje don a ba shi shaidar mallakar abin da ya ƙirƙiro.

Da magabatansa suka zo neman aure, Malam Yunusa bai ɓoye ba.

"Ba na ba maƙaryaci 'yata. In wannan takarda ta fito, na ba shi. In ba ta fito ba, ga Alamin ɗan aminina nan yana jira."

Alamin dai dillalin shanu ne, mutumin kirki, sai dai in ya zo zance farashin bijimai yake ba ta labari. Haula ta yi kuka har idonta ya kumbura. Mahaifiyarta Hajja ta ce, "Ki yi haƙuri. Babanki da filasma akwai wata tsohuwar gaba da ni ma ban san kanta ba. Kin dai ga ɗakin nan na bayan gida, shekara nawa ko ni ba na shiga."

Wata takwas ana jira. Kwatsam sai Abdulrauf ya ɗauke ƙafa. Kwana ɗaya, biyu, har tara, ba kira ba saƙo. Haula ta yi ta tura masa saƙo, ba amsa.

"Rauf, lafiya?"

"Ko na yi laifi ne?"

"In ka samu wata ce a Gashuwa, ka faɗa mini, ba zan mutu ba."

Ƙarya take yi, ji take kamar za ta mutu. A rana ta goma ta ce za ta gaida gwaggonta Maijidda da ke can, ta hau motar Gashuwa, suka tafi shagon tare da gwaggon.

Da ta gan shi sai da gabanta ya faɗi. Ya rame, ya yi zuru-zuru. Ya miƙo mata takarda mai shafi goma sha huɗu.

"Sun ƙi, Haulata."

"Innalillahi! Sun ce ba ya aiki?"

"Ina ma haka suka ce. Mai tantancewar cewa ya yi abin a fili yake. Wai ledar kore zafi wani ya riga ya yi rajistarta, sararin iska ma wani ya yi. Don haka duk wani mai gyara da ya san aikinsa zai haɗa biyun ba tare da wani tunani ba. Karkacewar kuma wai ɗan gyaran fuska ce."

Haula ta dafe ƙirji. "Shekara huɗun da ka yi ce gyaran fuska?"

"Barista ta ce akwai wata uku na mayar da amsa. Abin da zai fi ƙarfi shi ne shaidar wani tsohon gwani, wanda zai rantse cewa ya haɗa biyun ya gwada, ya kasa. Ki faɗa mini, wane gwani ne zai sa hannu a kan ya kasa?" Ya sunkuyar da kai. "Kunyarki ce ta hana ni kira. Ki kai wa Baba, ba zan ɓoye masa ba."

Ta share hawaye. "Ka sake yi mini shiru irin wannan, wallahi sai na auri mai bijimai."

Bayan la'asar ta iso gida. Malam Yunusa na kan tabarma a tsakar gida, Hajja na tankaɗe. Haula ta durƙusa ta ajiye takardar.

"Karanta mini, ki fassara," in ji shi.

Tana faɗin an ƙi, ya tafa hannu. "Ba na faɗa ba! Hajja, kin ji ko? Ci gaba, ci gaba."

Ta ci gaba. "Sun ce haɗa ledar da sararin iska abu ne a fili. Kowane mai gyara na yau da kullum zai yi shi ya dace."

Murmushin ya ɗauke daga fuskarsa kamar an ɗauke wuta.

"Sake karanta wurin nan."

Ta sake.

"Kowane mai gyara?"

"Haka suka rubuta, Baba."

"Zai yi ya dace?" Ya miƙe zumbur, har hularsa ta faɗi. "Wane ne wannan mara kunyar? Ya taɓa riƙe sukundireba a watan Afrilu? Yana zaune cikin sanyi yana rubuta shirme!"

Hajja ta saki rariya. Ba su ankara ba ya zaro makulli daga aljihu, ya nufi ɗakin bayan gida, ya banka ƙofar.

Haula ta leƙa, ta yi salati da ƙarfi. Gilasan filasma ne jingine tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowanne da baƙin tabo, kowanne da 'yar takarda manne an rubuta kwanan wata da abin da aka gwada.

"Arba'in da uku!" in ji shi. "Shekara goma sha ɗaya ina haɗa ledar nan da sararin nan. In ka haɗa su zafin taruwa yake yi, gilashin ya fi saurin ƙonewa! Shi ya sa na ce yaron nan ƙarya yake. Ni Yunusa na kasa, sannan wani ya ce kowa zai iya?"

"Malam!" in ji Hajja. "Ashe abin da ka kulle ke nan? Ni da na zaci tarkacen gado ne!"

Haula ta matso kusa. Ta san maganar da za ta faɗa tana iya rufe ƙofar har abada, domin a Nguru kaf ba wanda ya taɓa jin Malam Yunusa ya ce na kasa. Ta durƙusa a bakin ɗakin.

"Baba, ka gafarce ni. Lauyarsa ta ce abu ɗaya zai cece shi. Gwani ya rantse a rubuce cewa ya gwada bai dace ba. Da sunansa, kowa ya gani."

Malam Yunusa ya dube ta, sannan ya duƙa ya ɗauki hularsa.

"Sai na gani da idona."

Washegari da azahar, rana na tsaka, Malam Yunusa na tsaye tare da Abdulrauf a wani gidan kallo a Gashuwa. Filasmar Abdulrauf ta shekara biyu a ƙarƙashin kwano. Ya shafa gilashin, ya zagaya baya, ya sa hannu ya ji iska mai ɗumi tana fita da kanta, ba fanka ba komai. Ya leƙa hanyoyin iskar.

"A karkace," ya faɗa a hankali. "La'ilaha illallahu. Ni a miƙe nake ta yin su."

"Wajen bandar kifi na gani, Baba," in ji Abdulrauf, kansa a ƙasa.

"Kifi! Shekara goma sha ɗaya, ashe amsar na wajen kifi."

A makon Malam Yunusa ya je kotu ya yi rantsuwa, aka ɗauki hoton gilasan nan arba'in da uku ɗaya bayan ɗaya, Barista Rahima ta haɗa da amsar ta tura. Da suka fito daga ofishinta, Abdulrauf ya ce, "Baba, sai mu jira hukuncinsu."

"Ka jira kai kaɗai. Ni wace takarda kuma zan jira, bayan ni na rubuta ta? Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Haula na shago saƙo ya shigo: "Mai miya, ki zauna kafin ki karanta. Baba ya ba ni."

Ba ta zauna ba. Ihun da ta yi sai da mai shayin tsallaken titi ya zubar da madara.

Bayan sallar layya aka ɗaura aure, har Alamin ya aiko da ɗan maraƙi gudummawa. A ƙofar gida aka kafa filasma cikin tsakiyar rana tana nuna hotunan ango da amarya, tas, ba tabo ko ɗaya. Takardar ƙasar waje ba ta iso ba tukuna, amma duk baƙon da ya zo sai Malam Yunusa ya kamo hannunsa ya kai shi bayan filasmar.

"Taɓa nan ka ji. Ni na kasa, surukina ya yi."

Daga cikin lulluɓi Haula ta ji shi, hawaye suka zubo mata. Da aka kawo ta sallama, ya dafa kanta, ya dafa kan Abdulrauf.

"Allah ya yi muku albarka. Allah ya sanyaya gidanku yadda ka sanyaya gilashin nan."

Tsakar gida ta amsa da amin, Hajja ta rangaɗa guɗa.