Fasinjan Muttaka Daga Baturiya

Motar Muttaka mai canja giya da kanta ce, shi ya sa idonsa ba ya barin allurar da ke nuna zafin man giya. In ta kai ja, giya ta ƙone, sai kwanan fadama.

Ran nan bayan magariba ya baro fadamar Baturiya ba kaya, sai wani siririn tsoho ya tsayar da shi a bakin ruwa.

"Ɗana, rage min hanya zuwa Haɗeja."

"Hau baya, Baba."

Ba su yi nisa ba allura ta fara hawa. Hanya busasshiya ce, amma motar sai nishi take kamar an lafta mata buhunan shinkafa. Ƙauri ya cika hancinsa, kwaɗi suka yi tsit. Muttaka ya tsaya, ya sauko da tocila. Tayoyin baya sun nutse cikin ƙasa.

Ya haska tsohon, yana zaune shi kaɗai, rigarsa na ɗigar ruwa.

"Baba, me ka ɗauko?"

"Yi haƙuri, ɗana," in ji tsohon, muryoyin maza da mata da yara na fita daga bakinsa lokaci guda. "Muna da yawa ne."