Takun Ƙafar Hagu

A gaban kowa Barkono ta faɗa, muna ɗakin canza kaya ina kwance igiyar takalmina.

"Ƙafarki ta hagu ba lafiya."

Na ce mata lafiyata ƙalau. Ta ce ita ba tambayata take yi ba, gaya mini take yi.

Ajinmu ɗaya da ita tun shekarar farko a jami'a, kuma tun ranar farko jininmu bai haɗu ba. Ba a banza aka sa mata Barkono ba. 'Yar firit ce, amma in ta buɗe baki sai idonka ya kawo ruwa. Abin haushin, koci ya haɗa mu a tseren miƙa sanda. Mu huɗu ne, kowa ta yi nata zangon ta miƙa wa ta gaba. Ni ce ta uku, ita ce ta ƙarshe, wato daga hannuna take karɓa.

Mai karɓar sanda ba ta waiwaye, wannan ce dokar farko. Da zarar na taka filastar da aka manna a ƙasa sai ta zura da gudu, fuska gaba, hannu baya, ni kuma in cim mata in danƙa. Shekara biyu muna haka, don haka da kunne ta san ni. Ta ce a da takuna daidai yake fita, yanzu kuwa dama na dukan ƙasa, hagu na lallaɓa ta.

Raina ya ɓaci. Na yi mata wankin babban bargo. Na ce kowa ya san ƙawarta ce ke zaman benci, so take a cire ni a saka ta. Ta bari na gama tsaf, sannan ta saɓa jakarta.

"Ki je a yi miki hoton ƙashi. In ba ki je ba, ni zan je wajen koci."

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne gaskiya ta faɗa. Sati biyar ke nan ina fama da ƙwaurina. Wuri ɗaya ne, bai fi faɗin babban yatsa ba, amma da safe in zan sauko daga bene sai na riƙe ƙarfe ina cije leɓe. Ga shi saura sati uku gasar jami'o'i.

Ba don kofi na ɓoye ba, don Baba ne.

Baba ya yi gudu da ƙuruciyarsa, har an zaɓe shi zuwa wata babbar gasa. Ana saura kwanaki kakanmu ya rasu, dole ya ajiye takalmi ya kama tuƙin mota don ya riƙe ƙannensa. Cikin mu bakwai ni kaɗai, autarsa, na ɗauko ƙafarsa. Tun ina 'yar shekara tara yake kai ni fili, ya tsaya da tsohon agogonsa yana duba mini lokaci.

Bara hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa ya shanye. Ya ƙi abinci, ya ƙi motsa jikin da aka ce ya riƙa yi. Sai da na gaya masa an saka ni a gasa sannan ya ce a miƙo masa sandar dogarawa. Kullum Mama ta kira ni da sabon labari: yau ya taka zuwa ƙofar ɗaki, yau ya kai bakin titi, wai atisayen zuwa kallon Auta yake yi. To da wane baki zan ce masa ba zan yi gudun ba?

Mutum ɗaya ya san halin da nake ciki, shi ne Likita. Ba likita ba ne tukuna, ɗalibin shekarar ƙarshe ne a sashen gashin ƙashi, aka turo shi wajenmu ya koyi aiki. Ni na laƙaba masa sunan don tsokana, ya bi shi. Mutum ne mai sanyi, ko gaisawa zai yi da ke sai ya sunkuyar da kai. Ban san lokacin da na faɗa sonsa ba. Har gida ya je ya gai da Baba, suka yi ta hirar gudu, ni da Mama muka zama 'yan kallo.

Ranar da muka yi faɗa da Barkono na same shi a ɗakin jinyar 'yan wasa. Ya danna wurin da yatsa, na ƙwalla ƙara. Ya ce in yi tsalle da ƙafa ɗaya, ko uku ban kai ba. Fuskarsa ta canza. Ya ce yana zargin ƙashin ne ya fara tsagewa, kuma dole ya rubuta a littafin da koci ke dubawa. Ya ɗauki biro.

Na riƙe hannun rigarsa ina kuka.

"In kana sona kada ka rubuta."

"Zuciyata, don ina sonki ne ma zan rubuta…"

"Sati uku kawai. Baba ya gani da idonsa, daga nan ko yanke ƙafar za ka yi na yarda."

Ya kalle ni, sannan ya ajiye biron. Tun daga ranar, kafin kowane atisaye zai naɗe mini ƙwaurin da filasta, bayan an tashi ya ɗora ƙanƙara, ya ba ni ƙwayar kashe zafi. Ni a lokacin gani nake babu macen da ta kai ni dace.

Barkono ta cika alƙawarinta. Koci ya tara mu, ya tambayi Likita a gabanta. Likita ya kalli ƙasa ya ce tsamin nama ne kawai, zai wuce. Koci ya juya kanta da faɗa, ya ce ba ya son 'yan baƙin ciki a cikin tawagarsa.

Kafin yamma maganar ta kai aji. Aka daina zama kusa da ita. Aikin rukuni da aka ba mu, su biyun da ke tare da ita suka dawo wajena, ta yi nata ita kaɗai. In ta shigo sai a fara tari ana dariya. Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, daɗi na ji. Ita kuwa ko a fuska. A fili za ta karɓi sandar daga hannuna ba um ba um-um, ta wuce.

Ranar gasa aka tashi da rana mai zafi. Na hango Baba tun daga nesa, hannu ɗaya a kan sanda, ɗaya a kafaɗar Mama, yana hawa matakalar 'yan kallo ɗaya bayan ɗaya. Da ya zauna ya ɗago mini hannu, bakin nan har kunne.

Likita ya fara naɗe mini ƙafa. Wurin ya kumbura, ko iska ta taɓa shi sai na ji. Ya ce a hankali har yanzu lokaci bai ƙure ba, kalma ɗaya zai faɗa wa koci. Na nuna masa inda Baba yake zaune. Ya ƙarasa naɗin.

Aka harba bindigar tashi. Sanda ta iso hannuna muna na biyu. Na shiga kwana da duk ƙarfina, ina jin kamar ana soka mini ƙusa a kowane taku, amma na wuce ta gabana. Na taka filastar, Barkono ta zura. Taku huɗu ta yi, sai ta ja birki ta juyo.

A tsakiyar gasa, muna kan gaba, ta juyo tana kallona.

"Tafi!" na daka mata tsawa. "Ki tafi mana!"

Ba ta tafi ba, gudu ta yo wajena da hannu biyu a buɗe. A taku na gaba na ji ƙas, kamar an karya busasshen icce. Ban kai ƙasa ba, a jikinta na zube. Sandar ta gangara gefe, sauran suka wuce mu.

A asibiti aka ce ƙashin ya karye biyu. Aka yi mini aiki, aka sa ƙarfe. Babban likitan ya ce tafiya kam zan yi, amma maganar tsere mu bar wa Allah. Ya ƙara da cewa da tun farko na zo, hutun wata biyu ya ishe ni. Da ya faɗa mini wannan maganar, gara a ce marina ya yi.

Barkono ce ta biyo motar asibitin, ita ta riƙa kawo mini darussan da aka yi. Na ce ta yafe mini. Ta ce in bari sai na warke, don ita ba ta faɗa da mai ƙafa ɗaya. Na tambaye ta me ya sa ta juyo, bayan kofin nata ne ita ma. Ta ce abin da kunnenta ya ji a bayanta ranar, ko maƙiyinta ne za ta tare.

Kwana uku ban ga Likita ba. Ashe da ƙafarsa ya je ya faɗa wa koci da shugaban sashensu komai, aka dakatar da shi. A rana ta huɗu ya shigo, ya rame, ya durƙusa a gaban kujerar Baba ya faɗi abin da ya yi, bai rage ko ɗaya ba.

Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya juyo gare ni.

"Auta, tun yaushe?"

"Sati takwas, Baba."

"Kullum ina kiranki kina ce mini lafiya lau…"

Ya ce shi ma yana da nasa laifin, shi ya ɗora mini kayan da suka fi ƙarfina, kuma zai ɗauki wannan har kabarinsa. Amma shi bai san da ciwon ba. Likita kuwa ya taɓa shi da hannunsa, ya san mene ne, ya rufe shi da filasta.

"Baba, ni na roƙe shi," na ce. "Wallahi ni na yi ta kuka har ya yarda. Laifina ne."

"Na sani. Shi ya sa." Ya dubi Likita, idonsa cike da ƙwalla. "Ina ƙaunarka, yaro, Allah ya sani. Amma mutumin da kukanta zai sa ya bar ta ta karye, ba zan iya ba shi ita ba. Tashi ka je."

Likita ya ɗago ya kalle ni. Na san jira yake in ce wani abu, kuma ina sonsa a lokacin fiye da kullum. Na nemi abin da zan musa a maganar Baba, na rasa.

Ya miƙe, ya yi wa Mama sallama, ya ja ƙofar a hankali. Ban kira shi ba. Na juya fuskata bango na saki kuka, Baba ya lalubo hannuna da hannunsa mai lafiyar ya riƙe, shi ma kukan yake yi.